Rabin Saƙo da Taraktar Marigayi

Marigayi, Allah ya haskaka makwancinsa, ya bar 'ya'ya uku, da gida ɗaya, da wata ƙaramar tarakta ja wadda ya yi shekara ashirin yana noma da ita. Babban ɗansa shi ake kira Direba, domin ya shekara talatin yana jan manyan motoci kafin ciwon gwiwa ya sauke shi, ya buɗe rumfar walda a tsallaken titi, daidai ƙofar gidan mahaifinsa. Ƙaramin kuwa Auta, har furfura ta fara tsiro masa sunan bai sake shi ba, kuma shi ke zaune a gidan. A tsakaninsu akwai mace, wadda tun tana ƙarama ake ce mata 'Yar Tsakiya.

Shekara shida ke nan Direba da Auta ba su yi wa juna magana ba. Ranar da ajali ya sauko wa mahaifinsu, Direba yana kan hanya da lodi. Ya yi waya ya ce a jira shi, awa uku ta ishe shi. Auta ya dubi rana, ya dubi jama'ar da ta taru, ya ce a yi wa mamaci gata a kai shi makwancinsa. Malamai suka goyi bayansa, kuma gaskiya suka faɗa, domin gaggautawa aka hore mu da ita. Sai dai zuciya ba kullum take sauraron fatawa ba. Direba ya iso ya tarar da ɗanyar ƙasa, ya dawo ya tsaya a ƙofar gida, ya rantse da Allah cewa ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba, kuma bakinsa ba zai sake yi wa Auta magana ba. Limamin unguwa ya same shi har sau uku, ya nuna masa cewa rantsuwar da aka ɗora a kan yanke zumunci karya ta ake yi, a yi kaffara. Direba ya saurara da ladabi, ya raka liman har bakin titi, ya koma ya ci gaba da waldarsa.

Nauyin sai ya faɗo a kan 'Yar Tsakiya. Tana zaune a gonar mijinta, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, amma duk zuwan da za ta yi sai ta tarar da saƙonni suna jiran ta a ɓangarorin titi biyu. Titin bai fi taku ashirin ba, kuma a cikin takun nan ashirin ta koyi wata sana'a da ba wanda ya koya mata: ta karɓi magana da ƙayarta, ta isar da ita a fere. In Direba ya ce, "Gaya wa sakaran nan rufin zaure zai rufto masa a ka," sai ta isa ta ce, "Yaya Babba ya ce a ɗan duba rufin zaure." In Auta ya ce, "Gaya masa ba rufin ubansa kaɗai ba ne," sai ta dawo ta ce, "Ya ce ya gode, za a duba." Da haka aka gyara rufi, aka yashe rijiya, gidan bai rushe ba.

Bara Allah ya karɓi ran mijinta, ya bar ta da 'ya'ya biyar da gonar da ita ce abincinsu. Bana ruwan fari ya sauka shekaranjiya, kuma ƙasarsu mai saurin shanye laima ce. In ba a yi kaftu yau da gobe ba, za ta ƙeƙashe, garma ba za ta shige ta ba, wani ruwan kuwa Allah kaɗai ya san ranarsa. Masu taraktar haya duk an riga ta kama su. Abin da ya rage mata shi ne taraktar mahaifinta, wadda ke lulluɓe da tamfol a tsakar gida. Auta ya yarda zai kai mata ita da motarsa ta a-kori-kura, ya aro wata 'yar tirela mai shimfiɗaɗɗen gado da taya huɗu, irin wadda ake ɗaura wa ƙaramar mota a baya. Amma tun da sassafe ya kafa mata sharaɗi.

"Yaya, ki ji ni da kyau. In mutumin can ya sa baki a aikina, wallahi in cire tirela in tafi harkata."

Ta ce ta ji.

Da hantsi aka buɗe ƙofar gida gaba ɗaya, maƙwabta uku suka tsaya kallo. Auta ya ɗaura wuyan tirelar a ƙugiyar motarsa, ya jingina ƙarafan hawa biyu, ya tayar da tarakta da garmarta rataye a baya, ya hau da ita har can gaban gado. Nan take bayan motar ya duƙa. Auta ya diro yana salati. Motar nan shekararta ɗaya a hannunsa, kuma yana wanke ta fiye da yadda yake wanke rigarsa.

"Kai! Yanzun nan sai a karya mini sifirin!"

Ya sake hawa, ya yi baya da tarakta kaɗan-kaɗan yana leƙen motarsa, har bayanta ya miƙe, har ma ya ɗan ɗara tsayinsa na da. Garmar ta leƙa waje ta bayan tirela tana lilo a iska. Ya kawo igiya ya ɗaɗɗaure, ya ja da baya yana karkaɗe hannu.

"Kun gani? Ko gezau ba ta yi ba. Kamar ba ta ɗauki komai ba."

Maƙwabta suka ce lallai aiki ya yi kyau. Daga tsallaken titi kuwa ƙarar walda ta tsaya. Direba ya ɗaga murfin fuskarsa, ya daɗe yana kallo ta ƙofar da ke buɗe, sannan ya ɗaga murya.

"Ke! 'Yar Tsakiya!"

Ta tsallaka. "Yaya Babba, ina kwana?"

"Lafiya. Wancan abin da ya yi, lodi ne, ko kuwa kabari yake haƙa miki?"

"Haba Yaya Babba, da safiyar Allah."

"Saurara, ki riƙe abin da zan gaya miki. Tirela dole ne wuyanta ya danne ƙugiyar mota. In an raba nauyin gida goma, ɗaya a kan mota zai zauna. Shi kuwa ya kwashe komai ya mayar baya, ga garma ma ta leƙa waje, wuyan yana neman tashi sama. A cikin gari ba za ku ji komai ba. Amma ku hau babban titi, ku kama gangaren nan na bayan dutse, za ta fara kaɗa wutsiya, kuma in ta fara ba mai tsayar da ita sai wanda ya halicce ku. Na ga irin haka sau biyu, kuma sau biyun da hannuna na taya kwasar mutane."

Ya shiga cikin rumfa ya jawo sarƙoƙi huɗu da makullansu, ya watso su gabanta.

"Je ki gaya wa jakin nan ya kwance igiyar shanyar da ya ɗaura. Ya matsar da tarakta gaba har bayan motarsa ya sauka yatsa uku, ya sauke garma ta zauna a kan gado, ya ɗaure kusurwa huɗu da sarƙa. Ki ce ni na ce: in ya raina kansa, kada ya raina ran uwar marayu. Ki faɗa masa yadda na faɗa."

Ta tattara sarƙoƙin a hannu biyu, ta kama hanya. A cikin takun nan ashirin ta auna abin da ke gabanta. Ga maƙwabta tsaye, yanzu suka gama yaba aikin. In ta ce Yaya Babba ya ce a kwance a sake, Auta zai cika alkawarinsa, tarakta ta kwana a tsakar gida, rana kuma ta gama da gonarta. Ta san halin ƙaninta kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Me ya ce?" in ji Auta, tun kafin ta ajiye.

"Ya ce sannu da ƙoƙari. Ga sarƙa ya bayar, wai ta fi igiya riƙo."

"Sannu da ƙoƙari? Shi? Yaushe bakinsa ya koyi wannan?" Ya taɓa sarƙar da ƙafa. "Ai ta Baba ce ma, shi ya kwashe. Kawo. Kayan ubana ne, ba alfarma ya yi mini ba."

Ya kwance igiya, ya ɗaure kusurwa huɗu da sarƙa, ya danne makullan har suka yi ƙara. Tana tsaye tana kallon garmar da ke lilo.

"Auta, ba za ka ɗan matsar da ita gaba ba?"

Ya juyo da sauri, idonsa ya ƙanƙance. "Shi ya ce?"

"A'a. Ni ce dai na ga kamar ta yi baya da yawa."

"Yaya, ke da gona, ni da mota. Na taɓa koya miki shuka?"

Maƙwabta suka yi dariya. Ta sake tsallaka titi, ta ce wa Direba, "Ya ce ya ji. Nan ƙasar ba daidai take ba, in mun isa gidan mai zai gyara."

Malamai sun yi rangwame ga mai gyara tsakani ya tausasa magana, ya ɓoye abin da zai hura wuta, kuma Allah shi ne masanin niyyar wannan baiwa tasa. Amma ba kowane saƙo ne zagi zalla ba. Wani saƙon amana ce aka naɗe da zagi, kuma wanda ya zubar da naɗin ba tare da dubawa ba yakan zubar har da abin da ke ciki.

Direba ya dube ta har ta sunkuyar da kai.

"Shi da bakinsa ya ce ya ji?"

"Ya ce."

Suna fita daga layin ya kashe injin walda, ya ja ƙofar rumfa, ya ɗingisa ya hau babur ɗinsa.

A cikin gari tafiya ta yi daɗi, kamar yadda aka faɗa. Auta ya kunna rediyo, yana buga sitiyari da yatsa. Suka zo gidan mai na bakin gari suka wuce, domin tankinsa cike yake, kuma bai san an yi alkawari da sunansa ba. Ba su yi nisa ba sai ga ƙahon babur a bayansu, ba ƙaƙƙautawa. Auta ya dubi madubi, fuskarsa ta sauya.

"Ga shi nan. Wallahi shi ne. Biyo ni ya yi ya ga inda zan kasa."

'Yar Tsakiya ta waiga. Direba yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana yi musu alamar su tsaya.

"Auta, ka tsaya mu ji. Ƙila wani abu ya gani."

"In tsaya wa wa? Shekara shida bai san hanyar da nake bi ba, sai yau? In yana da magana ya aiko ki."

"To ai ina cikin motar!"

"Sai ya jira mu isa."

Ya taka totur. Babur ya ƙara wuta, shi ma ya ƙara. Suka hau kan dutse a haka, titi ya miƙe ya fara sauka, dogon gangare mai kwana a ƙarshensa, da ramin ruwa a gefen dama.

Abin ya fara ne kamar wasa. Ta ji kujerar ta ɗan goce hagu, ta dawo dama. A madubi ta ga jan hancin tarakta ya leƙo ta wannan gefe, ya ɓace, ya leƙo ta wancan. Kowane leƙe ya fi na baya faɗi. Sitiyari ya yi sakayau a hannun Auta, bayan motar yana bin tirela duk inda ta ja shi.

"Auta! Auta, matsar da ita gaba ya ce! Ya ce za ta yi haka!"

Ko ya ji ko bai ji ba, lokacin ji ya wuce. Ya yi abin da tsoro ke sa kowa ya yi, ya danna birki da dukan ƙarfinsa. Tirelar ba ta san an tsaya ba. Ta turo motar ta baya, ta juya ta gicciye, tayoyi suka yi kuka, wani abu ya fashe kamar bindiga. 'Yar Tsakiya ta rufe ido tana kalmar shahada, goshinta ya bugi gilashi. Sannan komai ya tsaya, ban da rediyo.

Allah ya taƙaita. Motar ta tsaya a gefen titi tana kallon inda ta fito. Tayoyin tirela na dama sun faɗa ramin ruwa, ɗaya ya fashe. Tarakta ta karkata kamar mai shirin kwanciya, sarƙoƙin sama biyu sun miƙe suna rawa, su kaɗai suka hana ta kifewa.

Direba ya yar da babur a ƙasa ba tare da ya kafe shi ba. Ya ɗingiso da gudu ya leƙa ta taga.

"'Yar Tsakiya! Kina da rai?"

"Ina da rai, Yaya Babba."

Ya dubi goshinta, ya ga ƙulu ne kawai ba jini. Ya zagaya ɗaya gefen, ya fizge ƙofa, ya cafko wuyan rigar Auta ya jawo shi waje.

"Na ce ka matsar da ita gaba! Na ce ko ban ce ba, kai dabba?"

Waɗannan su ne kalmomin farko da ya yi wa ɗan'uwansa a shekara shida.

Auta ya ture hannun. "Sake ni! Ka ce wa wa? Kai ka kore ni da ƙaho kamar ɓarawo! Da ba ka biyo ni ba da lafiya zan sauka!"

"Da ban biyo ka ba da yanzu ba mai ɗaukar gawarka! Ka ce za ka gyara a gidan mai, ka wuce kamar ba ka gan shi ba!"

"Wane gidan mai? Sannu da ƙoƙari ka aiko mini, da sarƙar da ka sace!"

"Ni? Ni na ce maka sannu? A kan wane ƙoƙarin?"

Suka juya suka dubi 'Yar Tsakiya, wadda ta fito tana dafe da goshi.

"Ke," in ji Direba a hankali. "Me kika gaya masa?"

"Yaya, me ya ba ki ki kawo mini?" in ji Auta.

"Kin kusa kashe kanki da ƙarya."

"Kin kusa kashe ni, kin lalata mini mota!"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Mace ce da ba a taɓa jin muryarta daga waje ba, amma ran nan har masu wucewa a mota sai da suka rage gudu.

"Saƙo kuke so? To ku karɓa cikakke. Auta, ya ce kai jaki ne. Ya ce igiyar shanya ka ɗaura, ya ce kabari kake haƙa mini, ya ce ka matsar da tarakta gaba har motarka ta sauka yatsa uku. Da na faɗa maka haka a gaban maƙwabta, da ka gyara? Ka rantse da Allah ka ce da ka gyara!"

Auta ya kau da kai.

"Kai kuma Yaya Babba, bai ce ya ji ba, bai taɓa cewa ya gode ba. Ranar rufi cewa ya yi ba rufin ubanka kaɗai ba ne. Ranar rijiya cewa ya yi ka faɗa ciki. Shekara shida ina haɗiye dafinku, ni kaɗai, ina kawo muku ruwan sanyi, kowa yana ganin shi ne mai haƙuri. Na yi ƙarya, na sani, kuma Allah zan roƙa gafara ba ku ba. Taku ashirin! Ka san abin da zai kashe ni, amma rantsuwarka ta fi maka raina, ka kasa taka taku ashirin!"

Sai Direba ya juya kan Auta.

"Awa uku na roƙe ka. Awa uku kacal."

"Ni na wanke shi," in ji Auta. "Ni na kwana arba'in ina juya shi a gado kana yawon titi. Ka zo ka tarar an gama, sai ka ga laifi."

"Ubana ne!"

"Ni a bola aka tsince ni?"

"Ku dubi rana," in ji 'Yar Tsakiya. "Wanda kuke faɗa a kansa ya riga ya tarar da abin da ya aikata, Allah ya sa ya huta. Ni 'ya'yana biyar suna da rai, kuma kowace sa'a da kuka ɓata a nan daga gonarsu take fita. Ku fitar mini da tarakta, sannan ku kashe juna."

Direba ya tofar da yawu gefe, ya sauka cikin ramin yana duba ƙasan tirela. Auta ya nufi makullin sarƙar sama.

"Kada ka taɓa! Ka kwance wannan ta kife a kaina, ko abin da kake so ke nan? Ɗauko jak. Ka tara duwatsu, masu faɗi, ba tsakuwa ba."

"Ka dai karya rantsuwa," in ji Auta yana jawo jak. "Sai kaffara."

"Miskinai goma zan ciyar saboda kai. Kaicona da abin da zan ciyar dominsa."

Aikin ya ci awa uku. Suka ɗaga gefen da ya faɗa da jak, su cusa duwatsu, su sake ɗagawa, har gadon ya kusa daidaita. Suka sauya tayar da ta fashe. Sai a lokacin Direba ya yarda a sassauta sarƙa, Auta ya sauko da tarakta da baya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da taraktar kanta suka jawo tirela daga rami. Da azahar ta yi, kowa ya yi alwala da ruwan jarka, suka fuskanci alƙibla ɗaya, taku goma tsakaninsu, kowa ya yi sallarsa shi kaɗai. Wannan ya fi karkatar tarakta ciwo ga mai hankali, amma ba wanda ya isa ya ce musu komai.

Direba ya duba ƙugiya ya ga ba ta tsage ba. Ya ɗaura wuyan tirela, ya gitta ƙananan sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashinsa, domin ko ƙugiya ta saki su tallafe shi. Ya auna tazarar da ke tsakanin tayar baya da jikin mota da tafin hannunsa, sannan ya tsaya a gefe yana yi wa Auta alama.

"Zo. Zo. Ƙara. Na ce ƙara, tsoron me kake ji?"

"Motar tana duƙawa! Za ka karya mini ita!"

"Motar ɗaukar kaya ce, ba ta ɗaukar hoto ba. Ƙara kaɗan. Tsaya!"

Ya sake aunawa, yatsa uku cif. Ya sa aka sauke garma ta zauna daram a kan gado, aka ja birkin hannu, aka ɗaure kusurwa huɗu, ya bi kowace sarƙa yana dukanta da ƙafa. Suka ɗora babur a bayan mota. Sannan ya miƙa hannu.

"Makulli."

"Motata? Ka mutu tukuna."

"Auta," in ji 'Yar Tsakiya. "Ni na goye ka. Ba ni makullin."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jefa shi a ƙasa maimakon hannunta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ba Direba.

Suka shiga su uku a kujerar gaba, ita a tsakiya. Direba ya yi bismillah, ya sa ƙaramar giya, ya bar injin yana riƙe motar a sauran gangaren, ƙafarsa tana shafar birki kawai. Tirela ta biyo su a miƙe kamar an zana ta. Manyan motoci suna wuce su suna danna ƙaho. Bayan tafiyar minti goma sha biyar ya tsaya ya fita ya sake matse sarƙoƙi, ya dawo.

"Yaya," in ji Auta, "gaya masa ko da ƙafa ne da mun fi haka sauri."

Ta kafa ido a kan titi, ba ta motsa ba.

"Gaya masa," in ji Direba, sai ya tsaya. Ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar juyowa. Ya yi tsaki. "Kai, rufe mini baki. Saurinka muka gani."

Sun isa gonar bayan la'asar. Tun kafin a sauke ƙarafan hawa 'Yar Tsakiya ta fita, ta shiga cikin gona, ta tona ƙasa da yatsu ta damƙa. Saman ya bushe ya yi fari, amma abin da ke tafin hannunta ya dunƙule bai warwatse ba. Ta ɗaga kai sama ta yi hamdala.

Gwiwar Direba ba ta iya taka kulocin tarakta, saboda haka Auta ne ya hau. Ya sauke garma a bakin gona, ƙasa ta fara juyewa baƙa a bayansa. Direba ya sauke babur ɗinsa, ya ƙi ruwan da aka kawo masa, bai yi wa kowa sallama ba. Ya tayar, ya kai bakin hanya, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallon layin farko. Ya kashe babur.

"Kai makaho! Layinka ya karkace! Ka kafa ido a kan bishiyar can, ka daina kallon taya!"

"Zo ka yi da kanka, gurgu!" in ji Auta daga kan tarakta.

Amma da ya juyo layi na biyu, bishiyar yake kallo. 'Yar Tsakiya ta bar su suna yi, ta shiga gida ta fito da buhun iri.